Wanzamin da Ya Aske Dutsen Jiƙau

Tun zamanin da aljanu ba su fara jin kunyar fitowa da rana ba, akwai wani dutse da ake kira Jiƙau, wanda itatuwan kansa duk gemu gare su. Gemu sosai nake nufi, kore shar, yana reto daga rassa har ya kusa taɓa ƙasa. Wata irin gansakuka ce da ba ta fitowa a bakin rijiya ko gindin randa kamar sauran 'yan uwanta, sai a ɓawon tsohuwar bishiya, can sama inda gajimare ke sauka ya huta. Ita ke tsotse gajimaren ta riƙa ɗigar da shi ɗis-ɗis, ɗigon ya taru ya zama ƙorama, ƙoramar ta gangaro ta shayar da garin Maɗiga. Mutanen garin kuwa sha kawai suka iya, ba su taɓa damuwa da inda ruwan ke fitowa ba.

A garin akwai wani wanzami mai suna Nomau, wanda ƙyanƙyaminsa ya fi askinsa suna, ko da yake askin ma ba na wasa ba ne. In ƙuda ya ratsa ta saman furarsa, to ya gama sha ke nan. In ya gaisa da mutum, sai ya ɓoye hannun a bayansa har ya sami ruwa. Matarsa Dela ta sha wanke kwano har hannunta ya yi tsami, ya ɗaga ya shinshina ya ce a sake. Ita ma fa ba baya ba ce wajen tsabta, ko kyankyaso ta gani sai ta kasa cin abinci.

Wata rana Nomau ya hau Jiƙau neman dutsen wasa aska. Bai taɓa hawa can sama ba. Yana shiga kurmin sai wani abu mai sanyi da yauƙi ya shafo masa ƙeya. Ya ɗaga kai, ya ga dattawan itatuwa tsaye da gemu buzu-buzu, jiƙe sharkaf, tsutsotsi na shiga suna fita, ga wani hamami irin na tsumman da ya kwana cikin ruwa.

Ya tofar da yawu ya ce, "Tir! Ashe wannan ƙazantar ce a kanmu shekara da shekaru?"

Ya zare aska daga zabira don ya rama a kan reshen da ya taɓa shi kawai. To amma wanzami ba ya barin kai rabi da aski rabi da suma, abin kunya ne a sana'ar. Da ya gama reshe sai ya ga bishiyar ta yi wani iri, ya ƙarasa ta. Da ya gama ta sai maƙwabciyarta ta tsone masa ido. Haka ya shafe rani yana hawa yana sauka. Mutanen gari suka gano abin yana da laushi in ya bushe, suka riƙa binsa da buhuna suna kwasa don cusa matashin kai, suna yi masa kirari, "Sai kai Sarkin Aska, mai yi wa dutse ƙwal-kwabo!" Shi kuma kansa na ƙara girma. Ɗan abin da ya zube a ƙasa ma bai bari ba. Ya share tsaf, ya haƙa rami ya binne, yadda wanzamai ke yi da gashi don kada maƙiyi ya tsinta. Ko tsinken da zai sake tsirowa bai rage ba.

Gajimare ya zo kamar yadda ya saba, bai sami mai karɓarsa ba, ya wuce. Ƙorama ta fara ramewa, ta koma kwatami, daga nan ta ɗauke. Mata suka koma tonon yashi suna kwalfar laka. Wasu gidajen suka fara ɗaure kaya.

Ran nan da tsakar rana Nomau ya leƙa randarsa ko zai sami abin wanke hannu, sai ya ga idanu biyu suna kallonsa daga ciki. Wata tsohuwa ta fito, tsawonta bai wuce taɓarya ba, fatarta duk ta tsattsage, in ta motsa ƙura na zuba daga jikinta.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai kaifin hannu, ni ce Uwar Raɓa, mai tsaron Jiƙau. Kai ne ka tuɓe dattawana ka bar su tsirara a gaban rana?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙazanta na gani na kawar."

"Da ruwan ƙazantar aka wanke ka ranar da aka haife ka. Shi ka sha, shi ka yi ta wanke hannun nan naka da shi. Saurara da kyau. A duk faɗin duniya saura dunƙule ɗaya na wannan gansakuka, yana Tsibirin Laka, a hannun Sarki Bududdugi, sarkin kwaɗi. In ka kawo shi da rai, ruwa zai dawo. In ka kasa, Maɗiga ta zama kufai, irin gansakukar kuma ya ƙare har abada."

Dela na tsaye a ƙofar ɗaki tana jin su. Ta ce, "Maigida, ka tafi. Jiya jaririn gidan Korau laka aka tace masa a tsumma."

Uwar Raɓa ta tafa hannu, ƙasa ta tsage, wata katantanwa mai girman rumbu ta fito tana jan yauƙi. Nomau ya dube ta ya ja da baya. Ya roƙi a ba shi ko tabarma ya shimfiɗa. Aka ce babu, a wuyanta ake zama. Ya hau, ya nutse cikin yauƙi har ƙugu, ya yi amai a hagu, ya yi a dama, katantanwa ta sulale da shi cikin ƙasa.

Suka ɓulla a bakin wani baƙin kogi wanda ba ruwa ne ke gudu a cikinsa ba, matsattsaku ne zalla, suna murɗe da juna. Babbansu ya ɗago kai, ya kai kaurin muciya, ya ce, "Maraba da abokin sana'a! Kai da ƙaho kake zuƙar jini, mu da baki. Ba mai haye wannan kogi sai ya shayar da mu. Miƙo ƙafafunka, kada kuma ka cire ko ɗayanmu sai ya ƙoshi ya faɗi da kansa."

Nomau ya ce, "Ni ƙahona wanke shi nake yi."

"Mu ba ma wankewa. Miƙo."

Ya miƙa, ya rufe ido. Yana jin su suna hawa, suna lalube tsakanin yatsunsa, suna kumbura. Da suka ƙoshi sai kogin ya dare biyu, katantanwa ta wuce da shi yana ganin jiri.

Tsibirin Laka kuwa, ɗoyinsa ke fara tarbar baƙo tun kafin ya hango shi. Fadar Sarki Bududdugi da ruɓaɓɓen ganye aka gina ta, shi kuma yana zaune a tsakiya, jikinsa duk ƙuraje, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Wani bafade ya raɗa wa Nomau cewa gaisuwar ƙasar ita ce sarki ya lashi fuskar baƙo, kuma wanda ya goge kafin ta bushe ya zagi sarauta. Kafin ya ce wani abu, harshe ya taho daga nesa ya shafe shi daga haɓa har goshi. Nomau ya tsaya ƙiƙam, yawu mai kauri na gangarowa ta gefen bakinsa, hannunsa na son tashi ya goge, ya danne shi da ɗayan.

Sarki ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mun ji labarinka. An ce kai ne wanda ba ya shan ruwan da ƙuda ya gifta. Yaya ka ji gaisuwarmu?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ba zan yi maka ƙarya a fadarka ba. Ban taɓa jin abin da ya tayar mini da zuciya irinta ba."

Fada ta ɗauki dariya, ƙwar-ƙwar-ƙwar. Sarki ya ce, "Ka faɗi gaskiya, ba ka kuma goge ba. Ku kai shi."

Aka kai shi bayan fada, inda wata tsohuwar bishiya ta karkace tana shirin faɗuwa. A wani lungu na jikinta ga gansakukar nan, ba ta fi cikin tafin hannu ba. Nomau ya buɗe zabira zai saka, sarki ya daka masa tsawa.

"A jaka mutuwa take yi. A ƙwarya mutuwa take yi. Ba ta zama sai a jikin tsoho mai rai, kai kuwa na ga furfura a haɓarka. Yi wa kanka tsaga."

Da askarsa ya tsattsaga haɓarsa da kumatunsa, kwaɗi suka manna masa gansakukar da laka. Nan take ya ji saiwoyinta suna shiga namansa. Ba ita kaɗai ta tare ba, da mutanen gidanta ta zo: ƙananan tsutsotsi, da wasu ƙwari masu ƙafafu barkatai, da wani ɗan kwaɗo da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda ya zaɓi ƙasan leɓensa ya yi ɗaki. Sarki ya karɓe zabirar ya ce, "Kada ka wanke, kada ka sosa, kada ka bari ta bushe. Hanyar da ka zo ba ta komawa, ta gabas za ka bi, da ƙafa, don akwai gishiri a gaba, katantanwa ba ta taka shi."

Ya kama hanya. Gemun ya yi ta girma har ya sauko ƙirji, ƙaiƙayi kuwa kamar ya cire fuskar ya yar. In ya buɗe baki zai ci 'ya'yan itace, sai wata tsutsa ta leƙo ta ga abin da ake ci. Ya daina kuka ma, don hawaye na da gishiri, gishiri kuwa kashe gansakuka yake yi.

Kwatsam sai ga wani birni fari fat a gabansa, bangonsa duk madubi. Aljanun cikinsa dogaye ne, fatarsu sumul, ba gashi ko ɗaya a jikinsu, ko'ina ƙamshin turare, ko'ina kwarmin wanka da ruwan ɗumi na tururi. Nomau ya tsaya a ƙofa yana ta kallo, don irin garin da ya yi ta mafarki ke nan tun yana yaro. Sai ya ga kansa a bango. Wani dodo ya gani, fuska kore, abubuwa na motsi a cikinta, ruwa mai launin miyar kuka na ɗiga a kan rigarsa. Ya juya, wani madubin ya nuna masa. Ya sake juyawa, haka.

Sarauniyar birnin ta fito da tire na azurfa, a kai ga sabulu, ga soso, ga wata aska da bai taɓa ganin mai kyanta ba. Ta ce, "Ya kai gwanin gwanaye, wa ya yi maka wannan wulaƙanci? Mun daɗe muna jin labarin hannunka. Ga ruwa, ga aska. Kawar da wannan annoba daga fuskarka, ka zauna tare da mu. A nan ba ƙuda, ba gumi, ba wari."

Hannunsa ya tafi da kansa ya ɗauki askar. Ya gwada kaifinta a farce, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ya ɗora ta a kumatu. Sai ya tambaya, "Ranki ya daɗe, wannan ruwa mai yawa haka, daga ina kuke samunsa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Daga gajimaren da ya rasa masauki. Duk dutsen da aka aske, rabonsa nan yake zuwa. Na Jiƙau ma ga shi can, a kwarmin da muke wanke ƙafa."

Nomau ya dubi kwarmin. Wani aljani na zaune ya tsoma ƙafafu yana wasa da yatsu a cikin ruwan Maɗiga. Duk abin da ya gani a tafiyar nan, ba wanda ya ba shi ƙyama kamar wannan. Ya ajiye askar a tire ya ce, "Na gode, amma gara warina." Ya bi ta tsakiyar birnin yana ɗiga musu a kan farin daɓe, suna tsalle suna toshe hanci, har ya fita ta ɗaya ƙofar.

Bayan birnin sai filin gishiri, fari ƙal, ba inuwa. Rana ta buɗe, gemun ya fara yin ja a baki-baki. Ruwan da ke cikin gorar da kwaɗi suka ba shi kaɗan ne, ya riƙa jiƙa gemun da shi, shi kuma yana tsotsar abin da ya gangaro, da tsutsar da komai. Da gora ta ƙare ya tuɓe riga ya lulluɓe fuskarsa, ya bar bayansa ya soye. Da rarrafe ya fita daga filin, amma gansakukar na da rai.

Da ya hango Jiƙau daga nesa, sai ya ga hayaƙi. Ya ƙara sauri. Yana isowa ya tsaya cak. Babu kurmi. Kututture ne kawai jere har ƙololuwa, da ramukan gawayi suna ci. Mutanen da suka rage a Maɗiga suna ta kai da kawowa da buhuna a ka, baƙi ƙirin, leɓunansu a fashe don ƙishi. Da suka gan shi suka watse da ihu, sai da ya kira sunayensu suka dawo, kowa ya toshe hanci da gefen riga.

Ya ce wa mai gari, "Barmo, ina itatuwan?"

Mai gari ya ja da baya ya ce, "To, Sarkin Aska, ai ka daɗe. Mun ga sun fara bushewa, muka ce kada su lalace a banza. Kuma in gaskiya za a bi, wa ya fara? Don Allah ɗan matsa can, iska na kaɗowa ta wajenka."

Wani daga baya ya ce, "Amma fa wannan na fuskar tasa zai yi matashi mai kyau."

Kai, mutane! Nomau ya sha yawun kwaɗo, ya shayar da matsattsaku, amma bai taɓa jin abin da ya cika masa ciki da tashin zuciya kamar fuskokin nan da ya yi shekaru yana gyarawa ba. Ya juya musu baya, ya hau dutsen.

A can sama ya tarar da Uwar Raɓa, ta ƙanƙance ta koma kamar ɗan yatsa, tana zaune gindin wani kututture da ya fitar da toho guda, siriri, mai ganye kaɗan. Ya durƙusa zai manna gemunsa a jikin tohon, ta ɗaga hannu.

"Ɓawon yaro ba ya riƙe ta. Sai wannan ya girma, ya tsufa, fatarsa ta tsage."

"Ranki ya daɗe, yaushe ke nan?"

"Bayan an daɗe da binne ka."

Ya dubi tohon. Can ya ce, "Ashe wahalar banza na sha."

Ta ce, "Gajimare ba bishiya yake nema ba, gansakuka yake nema. Zauna."

Ya zauna a kan kututturen. Da la'asar wani ɗan guntun gajimare ya zo wucewa, ya tsaya, ya yi kamar yana shinshina, ya sauko ya lulluɓe masa kai. Gemun ya sha ya yi nauyi, ya fara ɗiga. Ɗigon ya bi tsohuwar hanyar ƙorama, siriri kamar zare, ya gangara. Can ƙasa ya ji guɗa.

Ruwan bai isa wanka ba, bai isa wanki ba, na jiƙa maƙoshi ne kawai. Uwar Raɓa ta gaya masa gaskiya: haɓa ɗaya ba ta shayar da gari, kuma ranar da ya mutu gansakukar ta mutu, sai in akwai wasu tsofaffin da za su karɓa, su ma su miƙa wa na bayansu har tohon ya tsufa. Nomau ya tsaya a bakin dutse ya yi ta kira, ya kira Barmo, ya kira Korau, ya kira duk mai furfurar da ya taɓa zama a gabansa ya sunkuyar da kai. Suna ji sarai. Layi suke a ƙasa da ƙore, suna tarar abin da ya ɗigo daga fuskarsa suna sha, suna ce wa juna ai Nomau ya zama abin ƙyama, Allah ya kiyashe mu.

Dela ce kaɗai ke hawowa. Takan ajiye masa tuwo daga nesa, ta tura da sanda, ta juya da sauri. Bai ga laifinta ba, shi ma da zai iya da nesa da kansa zai zauna. Amma tana gani yana ramewa, tana jin tarin da sanyin gajimare ya sa masa.

Wata safiya ta zo ba ta tsaya a inda ta saba ba. Ta matso har gabansa, ta dubi gemun, ɗan kwaɗon ya leƙo ya dube ta. Ta juya ta yi amai a bayan kututture, ta goge baki, ta dawo.

Ta ce, "Maigida, yana ƙaiƙayi?"

"Ba dare ba rana."

"Tsutsotsin fa, suna cizo?"

"Ba sa cizo. Yawo dai suke yi."

"Warin, ana sabawa da shi?"

Ya ce, "Dela, ba a sabawa."

Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata tsohuwar aska da ta ɗauko daga ɗakinsa, ta ajiye masa a cinya. Ta zauna ta ba shi baya, ta cire ɗankwali, furfurarta ta bayyana.

Ta ce, "Ta ƙeya za ka sa mini, inda ba zan gani ba. Kuma ka yi sauri, kafin in dawo cikin hankalina."